Azurfa ce ko ruwan azurfa? Yadda ake gane cokulan Turai masu tsada da sanin kuɗinsu

Jama'a masu saurarenmu na karkara, da ƴan uwa mazauna ƙetare da ke bibiyar wannan shafi, yau za mu yi bayani kan wani kaya da ke shigowa gidajenmu ba tare da mun san kansa ba. Muna nufin cokula, cokula masu yatsu, wuƙaƙen tebur da ludayin miya irin na Turai, masu nauyi a hannu, wasu farare tas, wasu sun yi baƙi-baƙi, wani lokaci a jere cikin akwati mai shimfiɗar ƙyalle mai laushi.

Hanyoyin shigowarsu suna da yawa. Wasu ƴan uwa ne ke aiko su daga Faransa, Beljiyam ko Jamus don a ƙara a kayan ɗakin amarya. Wasu a kan ci karo da su cikin gwanjo a kasuwannin Yamai, Maraɗi ko Damagaram. Wasu kuma suna ƙasan adaka tun zamanin kakan da ya yi aikin kuku a gidan Nasara ko a otel, aka ba shi su ranar sallama.

Asara iri biyu ake yi a kan wannan kaya. Akwai wanda ake sayar wa cokali mai ruwan azurfa da kuɗin azurfar gaske. Akwai kuma wanda ke da azurfar gaske a hannu, ya bayar da ita a kuɗin tsohon ƙarfe, ko yara su riƙa tonon ƙasa da ita. Rashin sani dai shi ya sa kaza ta kwana a kan dami. Maganin duka biyun yana rubuce a bayan cokalin, in mutum ya san yadda ake karantawa.

Iri uku ne, kada a haɗa su

Na farko shi ne azurfar gaske, wadda ciki da waje duk azurfa ce. Ita ma ba zalla ba ce ɗari bisa ɗari, domin azurfa tsantsa tana da taushi, cokalinta lanƙwashewa zai yi. Shi ya sa ake haɗa ta da jan ƙarfe kaɗan, a rubuta yawanta cikin kashi dubu. In an rubuta 925, ana nufin kashi 925 cikin 1000 azurfa ne, saura 75 jan ƙarfe. Akwai 950, 835 da 800.

Na biyu shi ne mai ruwan azurfa. Jikinsa wani ƙarfe ne mai araha, aka yi masa wanka da azurfa, kamar yadda ake yi wa ɗan kunne ruwan zinariya. Mafi yawan cokulan Turai masu kyau da ke iso mu irin wannan ne. Ƙarfen cikin galibi haɗin jan ƙarfe ne da nikel da tutiya, kusan kashi 60, 20 da 20 cikin ɗari. Fari ne shi ma, amma farinsa yana da ɗan rawaya-rawaya.

Na uku shi ne wanda babu azurfa a jikinsa ko ƙwaya. A nan ake samun inoks, wato ƙarfen da ba ya tsatsa, da kuma wancan farin haɗin da muka ambata idan ba a yi masa wanka ba. Sababbin cokula masu ƙyalli da ake kawowa cikin akwati mai ado mafi yawansu inoks ne. Suna da amfani, suna da ƙarko, amma kuɗinsu kuɗin inoks ne.

Daga ina ruwan azurfa ya samo asali?

Da can, a Turai, sarakuna da manyan attajirai kaɗai ke cin abinci da cokalin azurfa. A shekarar 1840, a birnin Birmingham na Ingila, George Elkington da ɗan uwansa Henry suka yi rajistar wata dabara: a tsoma cokali cikin ruwan magani da aka narkar da azurfa a ciki, a saki wutar lantarki, sai azurfar ta riƙa mannewa a jikin cokalin a hankali. A 1842 wani maƙerin kayan ado na birnin Paris, Charles Christofle, ya sayi izinin yin wannan aiki a Faransa. Kamfaninsa, Christofle, yana nan har yau, kuma yana cikin sunaye masu tsada a wannan fanni.

Dabarar ta sa mai matsakaicin hali ya samu abin da ya yi kama da na sarki. Har sarkin Faransa Napoleon na Uku ya sa Christofle ya yi masa kayan tebur masu ruwan azurfa don manyan liyafofi. Daga nan otel-otel, jiragen ruwa da jiragen ƙasa suka ɗauka. Ma'aikatu suka buga miliyoyin cokula, har ya zama al'ada a Faransa a ba amarya akwatin cokula ranar aure. Ku riƙe wannan, domin yana cikin abin da ke yanke farashi: kayan suna da yawa ƙwarai a Turai, kuma jikokin waɗancan amare ba su cika son wahalar goge su ba. Shi ya sa suke cika kasuwannin tsofaffin kaya.

A juya cokalin, a karanta hatimi

A bayan mariƙin cokali, ko kusa da wuyansa, ko cikin bakinsa, akwai ƙananan hatimai da aka buga. Wasu ba su kai ƙwayar dawa ba. A wanke wurin da sabulu, a fita cikin haske, a ɗauki hoto da wayar salula a buɗa shi. Kowace ƙasa da nata tsarin.

Kayan Faransa su suka fi yawa a wajenmu. Azurfar gaske ta Faransa, tun daga 1838, tana ɗauke da hoton kan wata mace sanye da hular yaƙi, ana ce mata Minerve. Idan akwai lamba 1 kusa da kan nata, daraja ta farko ce, wato 950 a tsofaffin kaya, 925 a na bayan 1973. Idan lamba 2 ce a ƙarƙashin haɓarta, 800 ce. Kusa da ita za a ga hatimin maƙerin, mai kusurwa huɗu da ya tsaya a kan tsininsa, tsini biyu sun fi tsawo. Amma in hatimin maƙerin murabba'i ne sosai, mai zama daram kamar tubali, kuma babu kan macen nan, to ruwan azurfa ne. Wannan bambanci na siffar hatimi doka ce a Faransa, ba ado ba ne.

A kan mai ruwan azurfa za a kuma ga lamba kamar 84, 90 ko 100. Mutane da yawa suna ɗauka cewa kashi 84 ko 90 cikin ɗari azurfa ne. Ba haka ba ne. Lambar tana faɗin giram nawa na azurfa aka kashe wajen wanke manyan cokula 12 da masu yatsu 12, wato guda 24 gaba ɗaya. A kan ƙananan cokulan shayi lambar takan zama ƙarama, kamar 18, domin ta dozin ɗinsu ce kaɗai.

Kayan Jamus suna bin irin wannan lissafi. 90, 100 ko 150 ruwan azurfa ne. Azurfar gaske ta Jamus, tun 1888, tana da hoton jinjirin wata da kambin sarauta, tare da 800, 835 ko 925.

Kayan Ingila sukan biyo ta Najeriya su shigo mana. Azurfar gaske ta Ingila tana da hoton zaki yana tafiya ya ɗaga ƙafa ɗaya ta gaba, ma'anarsa 925. Kusa da shi akwai alamar birnin da aka auna ta: ankar jirgin ruwa ta Birmingham, kan damisa na Landan. Amma in kun ga haruffan EPNS, EP, EPBM ko A1, ruwan azurfa ne. A yi hattara, masu wankan azurfa na Ingila sun iya jera ƙananan hatimai huɗu ko biyar masu haruffan ado, waɗanda daga nesa suke kama da na azurfar gaske. Kama da wane ba ta wane. A nemi zakin.

A kayan Amurka kalma ɗaya ake nema: STERLING, ko lamba 925. Akwai wani suna da ke ruɗin mutane, 1847 ROGERS BROS. Wannan 1847 ɗin ba shekarar ƙera cokalin ba ce, cikin sunan kayan take, kuma an ci gaba da buga ta shekara da shekaru. Ruwan azurfa ne.

Sai sunayen da ke yaudara. Idan an rubuta ALPACCA, METAL BLANC, NICKEL SILVER, GERMAN SILVER ko NEVADA SILVER, duk sunayen wancan farin haɗin ne na jan ƙarfe, nikel da tutiya. Kalmar azurfa tana cikin sunan wasunsu da Turanci, amma babu ita a cikin ƙarfen. In kuwa kun ga INOX, 18/10 ko 18/8, inoks ne: 18 ɗin kashin kurom ne, 10 ɗin kashin nikel.

Ga ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: lamba daga 800 zuwa sama tana nuna azurfar gaske, lamba ƙasa da 200 galibi tana nuna ruwan azurfa. Amma lamba ita kaɗai ba ta isa shaida ba, domin buga 925 a jikin ƙarfe ba wuya ba ne ga mai son cuta. Sai an haɗa da gwaji.

Gwaje-gwajen da za a iya yi a gida

Na farko, ido. A duba wuraren da suka fi gogayya: gindin bakin cokali inda yake zama a kan faranti, da tsinin yatsun mai yatsu. In azurfar ta cinye, za a ga wani launi daban ya leƙo, rawaya-rawaya ko ja-ja. Azurfar gaske ko ta shekara ɗari tana gogewa, launinta ɗaya ne har ciki.

Na biyu, mayen ƙarfe, irin wanda ake cirewa daga lasifikar tsohuwar rediyo. In ya kama cokalin, ba azurfa ba ce, magana ta ƙare. Amma in bai kama ba, wannan bai tabbatar da komai ba, domin farin haɗin nan da tagulla su ma ba ya kama su, haka inoks mai kyau. Dillalai suna son nuna wannan gwaji a gaban mai saye, saboda sun san kayansu za su tsallake.

Na uku, baƙin da kayan ke yi. Azurfa tana yin baƙi idan ta haɗu da sinadarin farar wuta da ke cikin iska, ƙwai ko albasa. Baƙin yana nuna akwai azurfa a fatar cokalin, amma bai faɗi abin da ke ciki ba, tunda mai ruwan azurfa shi ma yana yi. Inoks ne ba ya yi.

Na huɗu, shayi mai zafi. Babu ƙarfen da ya kai azurfa saurin ɗaukar zafi. A sa cokalin da ake shakka tare da na inoks a kofi ɗaya. Na azurfar gaske nan da nan mariƙinsa zai ɗau zafi har ya gagari yatsa, mai ruwan azurfa kuwa zai jima.

Na biyar shi ya fi ƙarfi, kuma yana buƙatar sikeli mai auna giram. Azurfa ta fi waɗancan ƙarafa nauyi idan girmansu ɗaya. A ɗaure cokula shida iri ɗaya da zare, a auna su, a rubuta. Sannan a yanke bakin babbar gorar roba, a zuba ruwa, a ɗora a kan sikeli, a mayar da shi sifiri. A riƙe zaren a nutsar da cokulan gaba ɗaya ba tare da sun taɓa gindi ko gefe ba, a rubuta abin da sikelin ya nuna. Sai a raba nauyin farko da na biyu. Misali, in cokulan giram 480 ne, sikelin ya nuna 46, amsar ta kusa 10,4, azurfa ce. In ya nuna 55, amsar ta kusa 8,7, ruwan azurfa ne. Inoks kuwa bai cika kai 8 ba.

Akwai gwajin ruwan asid da maƙeran fari da masu sayen zinariya ke yi. Sai an kankare cokalin an kai ciki kafin a ɗiga, don haka yana barin tabo. Kada a yarda a yi shi a fuskar kaya masu suna. In ya zama dole, a zaɓi guda ɗaya, a wuri ɓoyayye.

Wuƙa kuma a cire ta daga duk wannan lissafi. Bakinta ƙarfe ne, mariƙinta kuwa rami ne da aka cika da ƙaro ko wani abu mai kama da siminti. Ko mariƙin na azurfar gaske ne, ɓawo ne siriri. Mai auna wuƙa sukutum ya biya kuɗin azurfa ya sayi siminti.

Azurfa nawa ce a jikin cokalin?

Mu yi lissafi tare. Cokali mai lamba 84: a raba giram 84 gida 24, kowane cokali ya tashi da giram 3 da rabi, ranar da ya fito daga ma'aikata. Kaurin wannan ruwa kusan mikron 33 ne, mikron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Wato bai kai kaurin silin gashin kai ba. Bayan shekara hamsin ana ci ana gogewa, wani kaso ya riga ya tafi.

Babban cokalin tebur yakan kai giram 80. In na azurfar gaske ne mai 950, akwai giram 76 na azurfa a cikinsa. Guda 24 sun ba da giram 1824.

Farashin azurfa yana hawa yana sauka kullum. A kasuwar duniya da dalar Amurka ake faɗinsa, a kan ma'aunin da ake kira oza, giram 31,1, kuma ana iya duba shi a intanet. Don lissafi ya zo da sauƙi, mu ɗauka giram ɗaya jaka ɗaya ne. Wannan misali ne kawai, ranar ciniki a nemi farashin ranar. A haka, azurfar da ke jikin cokula 24 masu lamba 84 ba ta wuce jaka 84 ba, ta azurfar gaske kuwa miliyon 1 da jaka 824. Ninki ashirin da ɗoriya ke nan tsakanin kaya biyu da ido ba ya bambanta su.

Kuma ko jaka 84 ɗin nan a takarda take. Maƙerin unguwa ba zai iya fitar da ita ba. In ya narka cokalin, ɗan ruwan azurfar zai narke ya ɓace cikin jan ƙarfe da nikel. Raba su sai matata mai aiki da asid da lantarki, kuma sai kaya sun taru da yawa kafin aikin ya biya kansa. Maƙeranmu na fari, daga Agadas har Tawa, sun saba narka tsofaffin kuɗin azurfa su yi zobe, mundaye da kuros ɗin Agadas, to wannan ya yiwu ne saboda kuɗin azurfa ne har ciki. Cokali mai ruwan azurfa in ya shiga wuta, an kashe shi a banza.

To, me ke ba mai ruwan azurfa daraja?

Tunda ba nauyi ba ne, abu biyar ne.

Sunan maƙeri. Christofle ne a gaba, sai Ercuis, shi ma na Faransa. Akwai WMF na Jamus, Berndorf na Ostiriya, Wiskemann na Beljiyam, Elkington da Mappin & Webb na Ingila. Christofle yakan rubuta sunansa ɓaro-ɓaro. Tsohon hatiminsa hoton sikeli ne mai kwano biyu tsakanin haruffan C da C, daga 1935 kuma kan doki tsakanin O da C. Cokalin da ba shi da suna, ko ya fi kyau a ido, kuɗinsa kaɗan ne.

Zanen jiki. Kowane zane da sunansa. A na Christofle akwai Marly, Perles, Malmaison, Chinon da Spatours. Zanen da har yanzu ake bugawa ya fi saurin samun mai saye, domin akwai masu neman cike gurbin wanda ya ɓata musu.

Cikar kaya. Turawa dozin-dozin suke lissafi. Akwatin amarya na Faransa da aka fi sani guda 37 ne: manyan cokula 12, masu yatsu 12, cokulan shayi 12 da ludayi 1. Cikakken dozin mai zane ɗaya ya fi guda 11 tsada nesa ba kusa ba, ya kuma fi guda 30 da aka tattaro daga gida daban-daban.

Lafiyar kaya. In rawaya ta leƙo, ko yatsu sun gajarce, ko baki ya lotse, farashi ya faɗi. Ana iya sake yi musu wanka a Turai, amma sau da yawa kuɗin aikin ya fi kuɗin cokalin. Haruffan sunan tsohon mai kayan da aka zana a mariƙi su ma sukan rage kuɗi. Baƙi kuwa ba aibi ba ne, yana fita.

Kasuwa. Wannan shi ake mantawa. Kaya ba su da kuɗi sai inda akwai mai so. Akwatin Christofle da zai yi daraja a Paris, a kasuwar ƙauye ba zai wuce kuɗin cokula masu kyau ba. Kuma kada a ruɗu da farashin sabo a kantin kamfani, ko da abin da wani ya rubuta yana nema a intanet. Na hannu yakan faɗi ƙasa da sabo sosai. Abin dubawa shi ne nawa aka sayar, ba nawa aka yi talla ba.

Ga ƴan uwa da ke Turai

Ku ne kuka fi kusa da tushen kayan: kasuwar Saint-Ouen a gefen Paris, dandalin Jeu de Balle a Burusel, babbar kasuwar shekara ta birnin Lil a farkon Satumba, shagunan Emmaüs, da ƙananan kasuwannin ƙarshen mako da mutane ke fito da kayan gidajensu. Kafin ku biya, ku juya kowane guda, kada ku tsaya kan na sama kaɗai, domin ana cakuɗa zane biyu masu kama a akwati ɗaya. Ku ƙirga. Ku tuna Yuro 1 kusan sefa 656 ne, wato Yuro 50 ta kusa jaka 33. Akwati mai guda 37 yana cin kusan kilo 3 cikin nauyin da jirgi ya ba ku, kuma wuƙaƙe ba sa shiga jakar hannu.

Abu mafi muhimmanci, in kun aiko, ku faɗi gaskiyar abin da kuka aiko. Ku ce ruwan azurfa ne mai kyau, na amfani da ado. Kada a bar uwar amarya ta ajiye shi da zaton dukiya ce ta ranar wuya, sai ranar ta zo a je kasuwa a dawo da ɓacin rai, zumunci ya samu tabo a kan cokali.

Na gida kuma da ke son a duba musu kaya, ku tura hoto uku ta WhatsApp: gaban cokalin, bayansa, da hatimin a kusa cikin haske. Ku faɗi adadin kowane iri. Da wannan ɗan uwa zai iya nuna wa masu sana'ar a can.

Yadda ake kula da su

Mun saba wanke kwanoni da toka, yashi ko soson ƙarfe. Ga abin da kaurinsa bai kai gashi ba, wannan kisa ne: wanki kaɗan, azurfar ta tafi. Ruwan jabel shi ma yana ɓata ta. Ruwan ɗumi, sabulu da tsumma mai laushi sun isa, a kuma share nan take.

In sun yi baƙi, a shimfiɗa takardar alminiyom a gindin roba, a jera cokulan su taɓa ta, a zuba tafasasshen ruwa lita ɗaya da babban cokali ɗaya ko biyu na bikarbonat. Cikin ƴan mintoci baƙin zai bar cokalin ya koma kan takardar, ba tare da an kankare komai ba. Ban da wuƙaƙe, domin zafi yana sassauta abin da ya riƙe mariƙinsu. Bayan haka a naɗe su cikin tsumman auduga, kada a ɗaure da roba, don ita ma tana baƙanta azurfa.

Wanda ruwansa ya cinye har ya fara yin kore, kada a bar shi cikin abu mai tsami kamar fura da nono ko kunun tsamiya. Tsami yana cin jan ƙarfen da ke ciki, koren nan kuma ba abin ci ba ne.

Gado, zakka da tambayar malamai

Sanin irin kayan yana da amfani har a wajen addini. Hadisi ingantacce ya hana ci da sha a cikin kwanon zinariya da azurfa, malamai kuma sun sa cokali a cikin hukuncin. Game da mai ruwan azurfa akwai saɓani, a littattafan Malikiyya ma zance biyu ne. Wannan fagen malamai ne, a tambaye su. Amma malam zai fara tambayar wane iri ne, don haka a je da amsa.

Nisabin zakkar azurfa dirhami 200 ne, wanda ake ƙiyastawa da kusan giram 595. Cokula 24 na azurfar gaske da muka lissafa sun ninka wannan sau uku. Mai irin su yana riƙe da dukiya, ko ya sani ko bai sani ba.

Wajen rabon gado kuwa, a tantance kafin a raba. In azurfar gaske ce, a auna, a yi mata kuɗi da farashin ranar, a kuma ji ta bakin masu saye biyu ko uku. In mai ruwan azurfa ce mai suna kuma cikakkiya, raba ta ɗai-ɗai tsakanin magada yana kashe kuɗinta. Gara a yi mata kuɗi a dunƙule, mutum ɗaya ya ɗauka a cikin rabonsa, ko a sayar a raba kuɗin.

A taƙaice, kafin a biya, kafin a sayar, kafin a kai wa maƙeri, a juya cokalin. Kan mace mai hular yaƙi, zaki mai tafiya, jinjirin wata da kambi, ko lamba 800 zuwa sama: wannan na sikeli ne. Murabba'i, 84, 90 ko EPNS: wannan sai a dubi suna, a ƙirga adadi, a duba lafiyarsa. Wanda ya ga hatimin da ba mu ambata ba, ya aiko mana da hotonsa ta lambar gidan rediyo, mu duba tare a shiri na gaba. Matambayi ba ya ɓata. Allah Ya sa mu dace.